Zagin da Na Kai Babban Mutum

Har yau in na ji ƙwallo ta shiga raga an kaure da ihu, ko da a rediyon maƙwabci ne, sai gabana ya faɗi. Abokaina suna cewa girma ne ya raba ni da kallo. Ba girma ba ne, na daina tun ina da ƙarfina, kuma ba don na gaji da ƙwallon ba.

Ni tela ne, shagona yana cikin tsohon gari a Daura. A lokacin da nake magana ban kai shekara talatin ba, ban yi aure ba, ina zaune a gidanmu tare da Inna, mahaifiyata, don Baba ya riga ya rasu. Hannuna yana da kyau a kan keken ɗinki, wannan ko wanda ba ya ƙaunata ya sani, amma bakina ya fi hannuna suna. In baƙo ya shigo unguwa yana neman telan nan mai baki, ba a tambayarsa wanne, shagona ake nuna masa. Ni kuwa daɗi nake ji, a wautata na ɗauka yabo ne.

Shekarun farko ne da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Masu giya sun rufe, 'yan caca sun koma lungu, gari ya yi tsit, sai aka bar mana ƙwallo. Akwai wani gidan kallo a bayan kasuwa, rumfar kwano ce mai zafi kamar tanda, da bencina da talabijin biyu da janareto mai tari. Mai gidan yakan rubuta wasannin ranar da alli a wani allo a bakin ƙofa. Duk Asabar in la'asar ta gabato nakan rufe shago, ko da kayan sallar wa ke kan keken, in tafi. Ni ɗan masu jar riga ne. Taubashina, ɗan goggona, wanda yake dillancin hatsi, shi kuma na masu shuɗiyar riga ne, kuma na tabbata don ya ɓata mini rai kawai ya zaɓe su.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba ba zai gane yadda ake magana a ciki ba. Zagi kamar ruwan sama. Daƙuwa daga wannan benci zuwa wancan, a ce wa ɗan wasa shege don ya iya, a ce masa shege don ya ɓarar, a ce wa alƙalin wasa abin da ba ya faɗuwa. Amma duk a ƙofa ake ajiye shi. Da an tashi za ka ga waɗanda suka kusa cin kwalar juna sun jeru sahu ɗaya suna magariba, kafaɗa da kafaɗa. Ni da taubashina kuwa mu ne gaba. Taubasai an san su da wasa, babu mai shiga tsakani, in na kira shi bawana ya kira ni ɗan kwatar gidansu sai dai a yi dariya. Na zagi kansa, na zagi haƙoransa, na zagi tafiyarsa. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba, ban taɓa ambatar uwarsa ba. Ina zan fara? Goggona ce, ita ta goya ni. A lokacin ban lura cewa wannan ne kaɗai linzamin da ke bakina ba.

Ran wata Asabar, ƙarshen damina, gero ya fara nuna, sai ga taubashina ya shigo da baƙo. Wani dogo ne siriri mai shiru-shiru, ya girme ni da kaɗan, abokin cinikinsa ne daga garin Babban Mutum, can bakin iyaka, yana kawo masa hatsi. Na taɓa ganinsa sau ɗaya ko biyu a kasuwa, ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba. Ranar jajaye da shuɗaye ne suka haɗu, gidan ya cika maƙil. Mu muka fara ci. Na hau benci na yi rawa, na ce wa taubashina ya je ya sayo likkafani, zan ɗinka masa kyauta. Suka rama. Ana saura minti biyu a tashi suka ƙara mana ɗaya, wata banzar ƙwallo da ta bi ta tsakanin ƙafafun mai tsaron gidanmu.

Gidan ya hargitse. Ni kuwa na zauna kamar an zuba mini ruwan zafi. Ana cikin haka sai baƙon nan, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Tela, ga aiki ya samu. Je ka ɗinke ragarku, ta yage."

Wallahi magana ce mai daɗi, da ni na faɗe ta da na yi mako ina maimaitawa. Mutane suka kwashe da dariya, har da namu. Wannan dariyar ce ta kashe ni. A ce ni, a gidan da ake jin tsoron bakina, baƙo daga ƙauye ya kayar da ni da magana ɗaya? Na dube shi zaune kusa da taubashina, sai na ji kamar duk wanda ya zauna a wannan bencin nawa ne, in yi masa yadda na ga dama. Na miƙe na nuna shi da yatsa na ce, "Kai har kana da bakin magana? Kai da ba ka san ubanka ba. Je ka tambayi uwarka, in ita ma ta iya tunawa."

Wasu sun yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don baƙon bai rama ba, bai kuma taso mini ba. Da ya kai mini naushi da na gode masa. Murmushin ne kawai ya bar fuskarsa. Ya miƙe a hankali, ya juya wajen wasu dattawa biyu da ke bayansa, ya tambaye su ko sun ji abin da na ce. Suka yi ta kame-kame, ya sake tambaya, suka ce sun ji. Ya ce to su riƙe, zai neme su. Sannan ya dube ni ya ce, "Ranar Litinin sai ka maimaita a gaban alƙali." Ya sa takalminsa ya fita. Taubashina ya bi shi da gudu, ya dawo shi kaɗai, ya ce mutumin ya hau babur ɗinsa ya kama hanyar gida, ko waiwaye bai yi ba.

Na yi ƙoƙarin in mayar da abin wasa. Na ce ya je ya kai ni ƙara har birnin tarayya. Amma babu wanda ya taya ni. A sahun magariba na kasa tuna ko raka'a ta nawa muke.

Abin da ya tsorata ni shi ne na san yadda abin yake, da idona na gani. 'Yan watanni kafin nan an yi wa wani bulala a filin gaban kotu saboda an kama shi a buge. Na rufe shago na je kallo kamar yadda nake zuwa ƙwallo. An kwantar da shi a benci, jama'a sun yi da'ira, ana lissafawa da ƙarfi. Mai dukan ba ya ɗaga hannu can sama, amma tun kafin a kai rabi mutumin ya fara kiran uwarsa. Ni ne na ce wa na kusa da ni yau giya ta sake shi ba shiri, aka yi dariya. Ban taɓa manta yadda ya tashi yana neman hularsa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Bayan nan ya bar garin. Wannan bencin ne ya tsaya mini a ido tun daga masallaci har gida. Inna ta kawo mini tuwo na ce zazzaɓi nake ji. Ta taɓa goshina ta ce lalle da zafi, ta tafi dafa mini ganyen darbejiya.

Washegari Lahadi, kafin hantsi, labari ya gama unguwa. Ƙofar shagona ta cika da masu ba da fatawa. Ina zaune a kan keke, suna ta yanka ni suna rabawa.

Wanda ya fi kowa zafi wani malamin sakandare ne da muke kallo tare, mai son a san ya yi karatu. Ya ce wannan zancen banza ne, tsarin mulkin ƙasa ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, kuma a duk duniya haka magoya baya suke yi wa juna. Ya ce maganar gidan kallo ba magana ba ce, hayaniya ce, babu wanda yake nufin abin da ya faɗa. Ya kawo misali da shege, ya ce a rana sau nawa ake faɗarsa, ana faɗa wa babur, ana faɗa wa zafin rana, uwa ma tana faɗa wa ɗan da ta haifa da cikinta, wa ya taɓa kai ta kotu? Wani bakanike ya ce masa ai babur ba shi da uwa. Malamin ya ce ba a nan take ba, niyya ake dubawa, kuma tela bai san matar ba balle ya yi mata sharri. Bakaniken ya ce to in bai san ta ba me ya kai bakinsa kanta? Suka yi ta yi. Mai gidan kallo shi ma ya zo, ya ce in dai a kan wannan za a yi bulala to sai a kawo tirela a kwashe gidansa duka, har da shi. Amma da ya matso kusa da ni sai ya rage murya ya roƙe ni, don Allah in an je kotu kada in ce a gidansa aka yi, dama ana neman dalilin rufe irin wurarensu.

Maganar malamin ta ɗan sanyaya mini rai, har na ji yunwa. Sai na tambaye shi ko zai raka ni gobe ya yi wa alƙali wannan bayanin da bakinsa. Ya gyara tabarau ya ce gobe yana da aji tun da safe, kuma jarrabawa ta matso. Kai, mutane! Nan take yunwar ta koma inda ta fito.

Kawuna, ƙanin Inna, shi ya zo ya kore su. Dattijo ne mai sayar da goro, ba ya son hayaniya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce in rufe shago in bi shi wajen limamin unguwarmu. Muka same shi a zaure. Kawu ya ce in faɗi abin da na ce, kalma da kalma, kada in rage. Na faɗa ina kallon tabarma. Na ƙara da cewa ai kowa ma yana faɗar irin wannan a can, wasa ne. Liman ya ce da shege kawai na ce da bakin wasa, da akwai abin tattaunawa, malamai ma suna duba yadda mutanen wuri suke amfani da kalma. Amma ni ban tsaya nan ba. Na cire mutum daga ubansa, na ambaci uwarsa, na aike shi ya tambaye ta, a gaban jama'a, da shaidu. Ya ce wannan sunansa ƙazafi, haddinsa bulala tamanin, kuma bayan nan ba a ƙara karɓar shaidata. Na ce ko da a gidan kallo ne? Ya ce shi bai san wani gida da aka ɗauke wa mala'iku rubutu a cikinsa ba.

Tamanin. Kawu ya tambaya ko akwai wata ƙofa. Liman ya ce akwai guda ɗaya, mai haƙƙi ya yafe tun magana ba ta kai gaban alƙali ba, kuma babbar mai haƙƙi a nan ita ce matar da aka ambata, in tana raye.

Da muka fito Kawu ya ce to shi ke nan, ba a aika ban haƙuri irin wannan, da ƙafa ake kai shi. Za mu je Babban Mutum yau ɗin nan, mu tsallake ɗan, mu faɗi a gaban tsohuwar, don in uwa ta ce ta yafe ɗa ba shi da ta cewa. Haka aka saba, kuma duk wanda ya ji ya ce dabara ce. Lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba, balle a can bakin iyaka, babu yadda za a yi a tuntuɓi mutumin a ji ta bakinsa. Babu kuma wanda ya kawo tunanin a tuntuɓe shin. Kawu ya tafi ɗaure goro. Ni kuma, abin kunya, na koma shago na ɗauki wata singileti na fara ɗinka mata shafi biyu na yadi mai kauri a baya don ta rage zafin bulala, ko da ban haƙurin bai karɓu ba. Na ce wa Inna za mu kai wa wani ɗinki.

Bayan azahar muka shiga motar haya, ni da Kawu da taubashina, don shi ya san gidan. Muka bi ta Zango muka wuce Baure. Gero a tsaye hagu da dama ya fi mutum tsawo, ko'ina kore shar, ni kuwa ba abin da nake gani sai benci. Taubashina, wanda bai taɓa zama kusa da ni minti biyar bai tsokane ni ba, har muka isa bai ce mini komai ba. Wannan shirun nasa ya fi komai tsorata ni.

Gidan ƙasa ne mai tsabta, da rumbuna biyu da tumaki a ɗaure. Muka yi sallama, aka ce mai gidan yana gona. Kawu ya ce dama wajen Iya muka zo. Sai ga ta ta fito zaure da kanta, wata 'yar tsohuwa ƙarama mai fara'a, hannunta duk dusa. Ta gane taubashina, ta yi ta sa masa albarka, ta ce ɗanta yana yawan faɗar kirkinsa. Ta sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya. Ta dube ni ta ce wannan yaron bai da lafiya ne, ya yi zuru-zuru haka, ta tura mini ludayi ta ce in sha. Tun daga nan ya kamata mu gane. Wadda aka zaga jiya ba ta tarbar mutum haka.

Kawu ya ajiye goro a gabanta, ya yi gyaran murya, ya ce mun zo ne a kan abin da ya faru jiya a Daura. Ya ce yaron nan ɗan 'yar'uwarsa ne, maraya ne, sheɗan ne ya hau bakinsa, ta dubi girman Allah ta yafe masa. Ni kuma na sauka daga tabarma na durƙusa a ƙasa.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Me ya faru jiya a Daura?"

Na ɗago na dubi Kawu, Kawu ya dubi taubashina. Ashe mutumin da ya dawo bai gaya mata komai ba. Ya ci tuwonsa, ya kwana, ya tafi gona, ya bar uwarsa cikin kwanciyar hankalinta. Zagin da na yi ya tsaya a Daura, mu ne muka biya kuɗin mota muka kawo mata shi har zaure. Kawu ya fara lalubar hanyar fita, ya ce 'yar saɓani ce ta samari, ba wani abu ba ne. Ta ce dattijo kamarsa ba ya baro Daura da goro a kan 'yar saɓani. Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗan nan, da bakinka. Me ka ce?"

Na ce, "Iya, ku yi mini rai."

Ta ce, "Ka faɗa a gaban maza, ka kasa faɗa a gaban tsohuwa?"

Na faɗa. Ban san yadda aka yi kalmomin suka fito ba, amma sun fito duka, kuma a cikin wannan zauren, babu janareto babu ihu, sai na ji su kamar ban taɓa jin su ba. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta goge dusar hannunta a zane, a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ta tambaye ni ko na san ta. Na ce a'a. Ko wani ne ya ba ni labarinta. Na rantse babu. To me ɗanta ya yi mini? Na ce ƙungiyarsu ce ta ci tamu. Ta ce ɗanta yana buga ƙwallo ne? Na ce a'a, Turawa ne suke bugawa a ƙasarsu, mu kallo muke a talabijin. Ta ce su Turawan sun san ni? Na ce ba su san ni ba. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ya fi ƙarfinta.

Ana haka sai ga ɗan ya shigo da fartanya a kafaɗa. Ya ga goro, ya gan ni a durƙushe, ya ga fuskar uwarsa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta lalace haka ba. Ya ce wa taubashina, da wata murya ƙasa-ƙasa, "Wa ya ce ku zo nan?"

Tsohuwar ce ta yi magana, kuma ba mu take kallo ba, ƙofa take kallo. Ta ce mijinta ya tafi cin rani kudu tana da ƙaramin ciki, bai dawo ba, can ya rasu. Da ta haihu 'yan'uwansa suka zauna suka ƙirga watanni, suka ce ɗan ba nasu ba ne, don kada ya ci gonar ubansa. Aka kai ta gaban alƙali da jariri a baya, gari duka ya zo kallo, ta dafa Alƙur'ani ta rantse. Alƙali ya tabbatar wa yaro ubansa, amma bakin mutane bai bi hukuncin ba, sai da yaron ya girma yana dambe a kan wannan magana. Ta ce waɗanda suka yi mata wancan duk sun mutu, ta ɗauka maganar ta bi su.

Ɗan ya ce gobe zai kai ni kotu, sai an fasa mini baya. Ta ce ba zai kai ni ba. Ya ce, "Iya." Ta ce, "Na tsaya gaban alƙali sau ɗaya a kan wannan magana. Ba za a sake kiran sunana a can ba, ana tambayar wa ya haife ka. In ka je ban yafe maka nonona ba." Ya jingina fartanyar da bango, ya fita, bai ƙara dubanmu ba.

Na tsira. Allah ya sani abin da na fara ji ke nan, murna, a gaban matar nan. Kawu ya shiga godiya, yana cewa Allah ya saka da alheri, tun da ta yafe shi ke nan. Ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Malam, kada ku tafi da abin da ban ba ku ba. Na hana a kai shi ƙara, don kaina na hana. Ban ce na yafe ba." Ta tura goron gabansa da bayan hannu, ta ce mu tashi kada mu rasa mota. Ta shige ciki.

A hanyar dawowa Kawu ya riƙe ƙullin goronsa a cinya har Daura. Litinin ta zo ta wuce, babu sammaci. Malamin sakandaren nan ya zo shago yana cewa ai dama ya faɗa, babu kotun da za ta saurari irin wannan shirme. Na ce masa ya tashi mini daga benci. Singiletin na jefa ta cikin buhun ƙyallaye. Inna ba ta taɓa sani ba har ta koma ga Allah, ko kuma ta sani ba ta nuna ba. Asabar ta gaba na je har ƙofar gidan kallo, na karanta allon, na ji ana zagin uwar wani a ciki ana dariya, na juyo.

Sau biyu na koma Babban Mutum ni kaɗai. Na farko na kai wa tsohuwar atamfa da na ɗinka da hannuna, aka fito aka ce tana barci, aka dawo mini da ita a ninke. Na biyu aka ce ta tafi unguwa, alhali ina jin muryarta a ciki tana kiran kaji. Na ce bari in bar ta ta huce, in an kwana biyu na sake komawa. Ana nan sai aure, sai yara, sai ɗinkin salla, yau da gobe. Bayan kamar shekara huɗu taubashina ya tsaya a ƙofar shago ya ce mini tsohuwar nan ta rasu.

Na je gaisuwa ran sadakar uku. Ɗan yana zaune a zauren nan dai, a kan tabarma, ya fara furfura. Na miƙa masa hannu, ya karɓa. Na zauna har mutane suka ragu, sannan na matsa na tambaye shi, ina jin tsoro irin na waccan Lahadin, ko kafin ta cika ta ce wani abu a kaina. Ya yi tunani sosai, ba don ya wulaƙanta ni ba, na ga da gaske yake nema. Ya ce ta yafe wa mutane da yawa da sunansu, har da dangin ubansa.

Na ce, "Ni fa?"

Ya ce, "Ba ta ambace ka ba, tela."

Na yi masa sallama na fito na tsaya jiran mota. Mutumin nan da aka yi wa bulala ina kallo, na ji labari ya dawo gari tuni, yana sayar da kayan miya, ya aurar da 'ya'yansa. Da an yi mini tamanin ɗin nan, da yanzu ko tabo babu.